Zanen Aro: Ciniki da Aikin Taimako a Intanet



Mai girma shugaban taro, iyayenmu 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, shugabannin ƙungiyoyin taimakon al'umma, da ƙannenmu ɗalibai da suka cika kujerun baya, barkanku da zuwa. An ce in yi magana a kan yadda ɗan kasuwa da ƙungiya za su ci moriyar intanet. Na san wasu sun zo ne da fatan in koya musu dabarar tara mabiya dubu ɗari a wata ɗaya. Su yi haƙuri, ba ita na kawo ba, ko da yake za mu taɓo ta a hanya.

Bari in fara da tuna muku wata rana. Litinin ce, 4 ga Oktoba 2021. Bayan la'asar sai WhatsApp ya tsaya cak, Facebook ya tsaya, Instagram ya tsaya. Kowa ya ɗauka datarsa ce ta ƙare. Wasu suka sake sayen data, wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka ɗora wa kamfanin layi laifin da ba nasa ba. Ashe injiniyoyin Facebook ne a can Amurka suka yi kuskure wajen gyaran na'urorin da ke haɗa cibiyoyinsu, sai hanyar da ke kai mutane gare su ta ɓace daga intanet ɗungurungum. Kusan awa shida aka yi a haka, sai da dare ya raba sannan abubuwa suka dawo. Duk wadda sana'arta ke kan sitatus, duk wanda kwastomominsa ke cikin guruf, a wannan yammaci shagonsa a kulle yake, kuma mabuɗin ba a hannunsa yake ba.

A daidai wannan lokaci Twitter ma a rufe yake a Najeriya, domin gwamnatin tarayya ta dakatar da shi tun farkon Yuni 2021, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, wata bakwai ke nan. A Zamfara kuwa, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, layin wayar ne aka katse ɗungum saboda matsalar tsaro. Wato a shekara ɗaya mun ga rufewa iri uku: ta kuskuren kamfani, ta umarnin hukuma a kan dandali guda, da ta katse hanya baki ɗaya. Ta ukun ba ka da yadda za ka yi da ita, sai addu'a. Biyun farko kuwa akwai abin yi, kuma shi ne maganata ta yau.

Mutane da yawa a wurinmu sun ɗauka Facebook shi ne intanet. Ba laifinsu ba ne, ta nan suka shigo. Wayar salula ta zo mana a 2001, kafin nan layukan NITEL na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Yawancinmu ba mu taɓa mallakar kwamfuta ba, daga waya mai tocila muka tsallaka zuwa mai shafawa, muka tarar da manhajoji an riga an sa mana. Amma abin hawa-hawa ne. Intanet ita ce hanyar, wato wayoyi da na'urorin da ke haɗa kwamfutocin duniya, har da manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka fito a Legas, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Kun tuna yadda bankuna suka rikice a tsakiyar Maris 2024? Huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi ne suka lalace a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa. A kan wannan hanya aka gina abin da muke kira yanar gizo, tsarin shafuka masu adireshi waɗanda ɗaya ke kai ka ga ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara shi a 1989 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba. Ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta sallama wa duniya fasahar kyauta, ba lasisi, ba la'ada. Ma'anar wannan a wurin ɗan kasuwa ita ce, kowa yana iya kafa shagonsa a bakin wannan titi ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba.

Facebook da Instagram da TikTok kuwa kasuwanni ne da wasu suka gina a gefen titin, suka kewaye da katanga, suka ce kowa ya shigo ya kasa kaya, ba kuɗin rumfa. To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan duk kuɗin da kamfanin Meta ke samu, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, daga talla yake fitowa. Ba don Allah ya sayi Instagram a kan dala biliyan ɗaya a 2012 ba, ba kuma don sada zumunci ya sayi WhatsApp a kan kimanin dala biliyan 19 a 2014 ba. Hankalin jama'a yake tarawa ya sayar. Kai da ka kasa kayanka a ciki, kana taya shi tara jama'ar ne, sannan in kana son jama'ar su gan ka sosai sai ka biya. A Janairu 2018 Facebook ya fito fili ya ce zai rage nuna abin da shafukan kamfanoni da kafofin labarai ke wallafawa, ya fifita na dangi da abokai. Ba wanda aka yi shawara da shi. Ka yi tunanin sarkin kasuwa ya wayi gari ya mayar da rumfarka daga bakin ƙofa zuwa bayan bayi, kuma ba inda za ka kai ƙara.

Kada wani ya ce ai ƙananan mutane abin ke samu. Linda Ikeji, wadda ta fara rubutu a shafinta a 2006 har ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi karantawa a ƙasar nan, a dandalin kyauta na Google mai suna Blogger ta gina komai. A Oktoba 2014 aka sauke shafin bayan ƙorafin haƙƙin mallaka. An maido shi bayan 'yan kwanaki, amma a waɗannan kwanaki aikin shekara takwas yana hannun wasu. Marubutanmu na littattafan Hausa da suka sa ayyukansu a OkadaBooks sun ga yadda dandalin ya rufe a ƙarshen 2023, bayan shekara goma yana aiki. Su waye a ɗakin nan suka taɓa buga lambar BBM a katin shagonsu? Na ga hannaye. A 2019 aka rufe shi. Waɗanda suka yi zamani da 2go kuma ba sai na tambaye su ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ban ce ku fice daga waɗannan kasuwanni ba, a fahimce ni. Can jama'a suke, kuma kasuwa a kai miki dole. Cewa nake a ci kasuwar, amma a san inda gida yake.

Gidan yana farawa ne da suna. A yanar gizo ana yin rajistar sunan adireshi, irin wanda ke ƙarewa da .com, ko .ng da .com.ng da .org.ng na Najeriya waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ko .ne na 'yan'uwanmu na Nijar. Ana biyan kuɗinsa shekara-shekara. Muddin kana sabuntawa, naka ne. Kana iya ɗauke shagon daga wannan kamfanin ajiya zuwa wancan, adireshin yana nan, kamar yadda mutum ke canja waya bai canja lamba ba.

A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan na ga an fi cutuwa. Wata ƙungiya da ke tallafa wa marayu ta taɓa kirana in duba musu shafinsu da ya daina buɗewa. Shekara huɗu suna buga adireshin a takardunsu, a allon ofis, a jikin motarsu, har a wasiƙun da suke aika wa masu ba su tallafi daga waje. Da na bincika, sai na tarar wani yaro mai hidimar ƙasa ne ya yi musu shafin, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ya gama hidima ya koma garinsu, ya canja layi. Saƙon tunatarwa ya riƙa zuwa akwatin da ba mai buɗewa, wa'adi ya cika, wani can a wata ƙasa ya saye sunan ya cika shi da tallan caca. Ku duba girman abin: mai neman taimaka wa marayu ya buga adireshin ƙungiyar Musulunci, caca ta fito masa. Yaron bai yi da mugunta ba. Shugabannin ne ba su san cewa akwai takardar filin da ya kamata su karɓa ba. Saboda haka, Alhaji, in za a yi maka shafi, ka sa a yi rajistar da sunan kamfaninka da imel ɗin da kai ke riƙe da kalmar sirrinsa. Ka zauna kusa da yaron ka ga ya rubuta. Ba rashin yarda ba ne, ai ko ɗanka ne ya sayo maka fili sai ka ga sunan wa ke kan takarda.

Ginin shafin kansa bai kai wahalar da ake zuzutawa ba. Akwai manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kyauta ce, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Abin da zan roƙi matasanmu masu gina shafuka shi ne su tuna wa zai buɗe. Mutum ne a Gumel ko Tasawa, da ƙaramar waya, da datar naira ɗari biyu, da sabis mai ɗaukewa. In ka cika fuskar shafin da bidiyo mai kunna kansa da hotuna masu nauyi, kafin ya buɗe mutumin ya tafi. Me kake sayarwa, nawa ne, ina kake, yaya za a same ka. In waɗannan huɗu sun fito a buɗewar farko, shafi ya yi aikinsa, sauran duk kwalliya ce.

Abu na biyu da yake naka shi ne littafin abokan cinikinka. Iyayenmu a Kantin Kwari da Kurmi sun san wannan tun kafin a haife mu. Suna da littafi, sun san wane ne ke zuwa daga Damagaram kafin azumi, wane ne ke ɗaukar bashi ya biya bayan kaka. Mabiya dubu ashirin a dandali ba littafi ba ne, domin ranar da aka rufe shafin ba ka da hanyar kiran ko mutum ɗaya. Lambobin mutum ɗari uku da suka taɓa saye a wurinka, da abin da suka saya, a rubuce a inda kai ke iko da shi, sun fi su amfani nesa ba kusa ba. Sai dai lambar mutum amana ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yuni 2023, amma ko ba doka, tarbiyya ta hana ka jefa matar aure cikin guruf na mutum ɗari biyu ba ka tambaye ta ba, kowane ƙato yana ganin lambarta. Ka nemi izini. Wanda ya ce a cire shi, a cire shi ba tare da fushi ba.

Yanzu sai babbar matsalar, wadda ba ta fasaha ba ce. Saye a intanet cinikin biri a sama ne. Ban taɓa kayan ba, ban ga fuskarka ba, ka ce in tura kuɗi. Kuma mutanenmu sun sha wuya. Waɗanda MMM ta cinye wa kuɗi a Disamba 2016 suna nan da ransu, waɗanda suka yi odar leshi aka kawo musu abin da ko labule ba zai yi ba su ma suna nan.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a wurin Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da masu kai shanu Kudu, su ma suna ciniki da mutanen da ba su sani ba, a garin da ba nasu ba. Me suka yi? Suka kafa tsarin maigida da dillali a zango. Baƙo ya sauka a gidan maigida, shi zai ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, in an ba da kaya bashi shi ne lamuni. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya yi nazarin wannan tsari, littafinsa ya fito a 1969, kuma abin da ya nuna shi ne jarin maigida na gaskiya sunansa ne. Ranar da ya bari aka cuci baƙonsa, labari zai riga shi isa Arewa, ba mai sake sauka a gidansa. To a intanet ba maigida. Kai ne baƙon, kai ne dillalin, kai ne lamunin kanka. Dole abin da maigida ke yi da bakinsa, kai ka yi shi da abin da ka wallafa.

Ta yaya? Hoton kayan ya zama na kayan da ke hannunka, wanda ka ɗauka da wayarka a hasken rana, ba wanda ka kwaso daga shafin wani kamfanin Dubai ba. Adireshin shago ya fito, har da kwatance. In ka yi rajista da hukumar CAC, sa lambar. Sunan asusun banki ya dace da sunan kasuwancin. Ba abin da ke sa mai saye ja da baya kamar shago mai suna kaza, a ce ya tura kuɗi asusun wani suna dabam, wai na ƙanin mai shagon ne. Ka faɗi kuɗin mota tun farko, ka faɗi tashar da za ka sa kayan, ka tura lambar direba. Ka kuma faɗi abin da zai faru in kaya ba su yi ba, ana canjawa ko ba a canjawa, cikin kwana nawa.

Sai farashi. Hajiyoyi, ku gafarce ni, da ku nake. Wannan al'ada ta sa hoton atamfa a rubuta a yi magana ta inbos don jin kuɗi, na san dalilinta. Ana gudun 'yan kishiyar sana'a, ana kuma son a ga mai tayawa kafin a yanka masa. A kasuwa wannan daidai ne, domin ga ni ga ki, in taya ki ce albarka, in ƙara, mu daidaita. A waya kuwa mutum yana da shaguna hamsin a ƙarƙashin babban yatsansa. Mai kunya ba zai tambaya ba don kada ya ji ya fi ƙarfinsa, mai sauri ba zai jira ki tashi daga barci ba, mai zargi kuma zai ce kowa da farashin da ake yanka masa. Ukun nan duk kin rasa su, kuma ba za ki taɓa sani ba, domin ba su yi sallama ba balle su yi bankwana.

Ta ɓangaren mai sayarwa ma akwai cuta. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, har mai ƙosai ta koyi karɓar tiransifa, 'yan damfara kuma suka koyi tura alat na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar shago. Wanda cinikinsa ya girma yana iya haɗa shafinsa da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, ko Flutterwave, su tabbatar da biya kafin oda ta shigo. Suna cire la'adarsu, kamar kowane dillali.

To yaya za a yi baƙo ya same ka tun farko? Hanya biyu ce, ta haƙuri da ta kuɗi.

Ta haƙurin ita ce rubutu, abin da ake kira bulog, kuma ita na fi so. Kowane ɗan kasuwa a nan yana da tambayoyi goma da ake yi masa kullum har ya gaji da amsawa. Mai sayar da irin shuka ana tambayarsa wane irin masara ke nuna da wuri in damina ta makara. Mai sola ana tambayarsa batir nawa zai ɗauki firiza. Mai shadda ana tambayarsa yadda ake wanke ta kada ta dusashe. Waɗannan tambayoyin su mutane ke bugawa a Google da tsakar dare. In ka zauna ka amsa kowace ɗaya a shafinka, amsa cikakkiya irin wadda za ka ba ƙaninka, injin bincike zai riƙa turo maka mutane shekara da shekaru ba ka biya ko kwabo ba. Abin da ka sa a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Wanda ka rubuta a shafinka yana nan yana yi maka tallan kana barci.

Kuma a nan muna da wata dama da masu Turanci ba su da ita. In ka rubuta bayanin batirin sola da Turanci, kana gasa da shafuka miliyoyi. Da Hausa kuwa filin kusan fayau yake, alhali masu jin harshen sun kai miliyoyi da dama daga Kano har Kumasi da Kartum. Mun daɗe da karatu a harshenmu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, sashen Hausa na BBC tun 1957, Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma bayanin sana'a da Hausa a yanar gizo har yanzu kaɗan ne ƙwarai. Gargaɗi ɗaya: kada ka rubuta da Turanci ka ba inji ya juya maka ka liƙa. Bahaushe yana jin warin wannan Hausar daga layin farko. Wata 'yar dabara kuma: ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ƙa'ida ta ce, amma ka sani yawancin masu bincike ba sa sa ƙugiya a wayarsu, don haka sunan adireshinka ya zama mai sauƙin bugawa ba ƙugiya. Waɗanda ba sa karanta boko kuma, kada a manta da su. Karanta amsar da bakinka, minti biyu, ka ajiye muryar kusa da rubutun.

Ɗalibai na baya, na san kuna jin labarin ana samun daloli da bulog. Gaskiya ne Google yana da tsarin AdSense tun 2003, yana sa talla a shafinka ya ba ka kaso, kuma ba ya biya sai kuɗin sun kai dala ɗari. Amma tallan da ake nuna wa mai karatu a nan ba ya tsada, sai ka tara jama'a masu yawan gaske kafin ka ga abin kirki. Wannan ne ke tura wasu ga kanun labarai na ƙarya da gulmar 'yan fim. Wanda ya rubuta don ya sayar da iliminsa ko kayansa ya fi saurin ganin riba.

Hanyar kuɗi kuwa gwanjo ce. Kana gaya wa dandalin su wa kake so su gani, a wane gari, masu shekara nawa, shi kuma ya haɗa ka takara da sauran masu son idon waɗannan mutane. Lissafinta ɗaya ne tak. A ce ka kashe naira dubu ashirin, mutum arba'in suka yi magana, huɗu suka saya. Kowane mai saye ya tsaya maka a dubu biyar. In ribarka a kan kowanne dubu uku ce, ka faɗi, ko da mutum dubu goma sun danna alamar so. In kuwa irin kayan da ake dawowa saye ne duk wata, kamar turare ko abincin kaji, to wataƙila ka ci. Fara da kaɗan, ka tambayi duk wanda ya saya a ina ya gan ka, ka rubuta. Sayen mabiya kuwa kamar hayar 'yan kallo ne su tsaya a ƙofar shago. Masu sayar da maganin gargajiya da kayan mata, ku kuma akwai NAFDAC, akwai hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, kuma alƙawarin maganin da ke warkar da cuta goma sha biyu ba ya zama halal don an yi shi a TikTok.

Na juyo gare ku, shugabannin ƙungiyoyi. Naku ya fi na ɗan kasuwa wuya, domin shi in an biya yana aika kaya, ku kuwa wanda ya ba da kuɗi ba abin da zai riƙe a hannu sai labari. Kowa yana mafarkin abin da ya faru a 2014, lokacin da mutane a Amurka suka riƙa sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a bidiyo, ƙungiyar masu yaƙi da cutar ALS ta tara dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Irin wannan sa'a ce, ba a shirya ta, kuma waɗanda suka yi ta kwaikwayo daga baya ba su samu ba. Wadda ta fi dacewa ku duba ita ce ƙungiyar charity: water da Scott Harrison ya kafa a New York a 2006. Ta yi abu biyu. Ta raba asusu, kuɗin jama'a duka suna tafiya aikin ruwa, albashi da hayar ofis kuma wasu attajirai dabam ke ɗauka. Sannan rijiyar da aka gama, sai a sa hotonta da lambobin da ke nuna daidai inda take a taswira, mai shakka ya je ya duba. Gani ya kori ji. Ba abin da zai hana ƙungiyar unguwa da ke haƙa rijiyar burtsatse ko ciyarwa da azumi ta yi haka da waya ɗaya: ga abin da ya shigo a watan nan, ga abin da aka kashe, ga rasit, ga wurin. Asusu ya zama da sunan ƙungiya mai rajista, da sa hannun mutum biyu, ba asusun shugaba ba ko da waliyyi ne. Google ma yana ba ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗansa tallan bincike kyauta na dala dubu goma a wata, kuma cikin sharuɗɗan akwai mallakar shafi a adireshin ƙungiyar kanta. Kun ga mun dawo kan takardar fili.

Akwai kuma abin da ke damuna, zan faɗa ko da zai yi ɗaci. Hoton mabuƙaci. An kai wa bazawara mudu biyar na shinkafa, an tsayar da ita da 'ya'yanta a gaban kyamara, an sa ta yi godiya tana rufe fuska da mayafi. Bidiyon nan ba ya mutuwa. Yaron da ke gefenta zai girma, abokansa na makaranta za su gani. Na san hujjar, wai in ba a nuna ba ba a bayarwa. Ana iya nuna buhunan, a nuna rabon daga nesa, a nuna rasit, a ɓoye fuska da suna. In lallai sai an nuna mutum, kamar mara lafiyar da ake nema wa kuɗin aiki, a nemi yardarsa a gaya masa inda hoton zai je, kuma ranar da kuɗin suka cika a sanar, a rufe karɓa, a sauke lambar asusun. Mun sha ganin roƙo yana yawo a guruf shekara biyu bayan an sallami mara lafiyar, ko bayan an yi masa sutura.

Na ga shugaba yana duban agogo. Saura abu ɗaya, kuma wannan ba sai an je gida ba. Hanyar da aka fi ƙwace wa 'yan kasuwarmu WhatsApp ita ce a kira ka da muryar ladabi, a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko kwamitin masallaci, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto. Wannan lambar ita ce mabuɗin layinka. Kana karantawa sun shige, su bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya da sunanka suna neman rance ko suna tallan kayan da babu. Maganin yana cikin manhajar: a shiga saiti, a shiga asusu, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lambar sirri wadda ba shekarar haihuwa ba ce, a sa imel. Kowa ya fito da wayarsa yanzu. Ɗalibai, ku taso ku zagaya layin gaba ku taimaka wa iyayenmu, amma in an zo wajen buga lambar sirrin ku kau da kai. Mai girma shugaba, a ba mu minti biyar, sannan a buɗe fagen tambayoyi.